Fenti a Kan Tsaga

An yi wani mutum a nan Bronx, a cikinmu yake, ba zan kama sunansa ba. Mutumin Damagaram ne, gyaran jikin mota sana'arsa. Ya 'yan uwa, Allah ya ba mutumin nan hannu. Mota za ta zo a lotse kamar gwangwanin madara, ya buga, ya cike da fila, ƙullun nan na toshe lotsa, ya goge da samfefa, ya fesa fenti, mai ita ya zo ya rasa inda aka buge ta. Abu guda ne bai iya ba, shi ne ya buɗe baki ya ce "na kasa".

Matarsa Zeinabou tana da wa, Idrissa, direban tasi. Shi ya tarbe shi ranar da ya sauka garin nan, ya shimfiɗa masa katifa a falonsa na Parkchester, daga baya ya ba shi ƙanwarsa. Duk shekara idan lokacin farautar barewa ya kama, Idrissa da abokansa sukan tafi dazukan arewacin jiha da izinin hukuma, su dawo da nama a raba gida-gida.

Wata shekara mutumin namu ya ce shi ma da shi za a je. Ya bi layin takardu har aka ba shi izini, suka tafi wani shago a bayan gari inda ake sayar da tsofaffin bindigogin soja. Iri biyu ne a wurin. Akwai waɗanda masana suka kwance, suka duba, suka gwada, suka sabunta. Akwai kuma waɗanda aka bari yadda suka fito daga rumbun soja, tsatsa ta ci, katako ya yi baƙi. Idrissa, da tasa ta tsufa, ya ɗauki gyararriya. Mutumin ya bushe da dariya, ya ɗauki mai tsatsa.

Ya ce, "Haba Yaya! Ni da nake ta da mataccen ƙarfe, in sayi gyaran wani?"

Idrissa ya ce, "To, gyara abarka. Amma in ka gama, ka kai wa masu sana'ar su duba."

Ya kuwa duƙufa. Asabar da Lahadi ba ya zuwa ko'ina. Ya kankare katakon, ya shafa mai, ya bari ya sha, ya sake shafawa. Zeinabou ta yi mitar wari har ta gaji. Kowane mataki sai ya ɗauki hoto ya tura wa abokai a waya, ana ta sambarka. Har nan ban ga laifinsa ba, jama'a. Gyara da hannunka ba zunubi ba ne, abin yabo ne ma.

Sai ranar da ya gama cire tsatsar. A daidai inda harsashi yake zama, ya ga tsaga, siririya kamar gashi. Ya sa farce ya bi ta. Mutumin da ya tsufa cikin ƙarfe, a ce bai san me ya gani ba? Ya sani sarai. Zuciyarsa ta ce masa wannan bindiga ta mutu, a rataye ta a bango.

Amma ina zai kai hotunan? Ina zai kai dariyar da ya yi wa Idrissa? Sai ya yi abin da hannunsa ya saba yi kullum. Ya cike tsagar, ya goge, ya mayar da wurin baƙi wuluk. Wallahi ko shi sai ya karkata ta ga haske kafin ya gane wurin. Ya ƙudura a ransa cewa zai rataya ta a kafaɗa kawai a gani, ba zai harba ba, in an tambaya ya ce barewa ba ta biyo ta wajensa ba. Kun ji dabarar Shaiɗan? Ba ya ce maka ka kashe mutum. Cewa yake ka rufe kawai, ai ba wanda zai taɓa.

A mota, kan hanyar daji, Idrissa ya tambaye shi, "Ka kai an duba kuwa?"

Ya ce, "An duba, Yaya. Har na gwada ta."

Ran nan barewa ba ta fito wa kowa ba. Da rana ta ɗaga, suka kafa kwali a jikin kututture suna harbi, don su rage zafin dawowa hannu rabbana. Bindigar mutumin ta bi hannu-hannu, ana yaba ƙyallinta. Idrissa ya ji daɗi har ransa, ya ajiye tasa ya ce, "Kawo in gwada aikin ƙanena."

Ya 'yan uwa, a nan nake so ku tsaya. Kalma ɗaya ta rage masa. Ya ce "kada", a yi masa dariyar yini guda, a wuce wurin. Sai ya miƙa bindigar, ya ja da baya, ya raɓe bayan mutane.

Idrissa ya ɗora kumatunsa a kan katakon, ya yi bisimilla, ya ja kunama. Ƙarfen ya tarwatse a fuskarsa. Inna lillahi! Idon dama ya tafi, yatsun hannu suka tafi.

A asibiti, bawan Allahn nan da kai a naɗe yake cewa, "Tsautsayi ne, kada wani ya ga laifin yaron nan." Amma 'yan sanda sun kwashe gutsattsarin, aka duba, aka samu fila a cikin tsagar. Wani daga cikin abokan farautar kuma ya faɗi abin da idonsa ya gani. Idrissa ya sa aka kira masa mijin ƙanwarsa.

Ya ce, "Ba zan tambaye ka tsaga ba. Da ka miƙo mini, me ya sa ka ja da baya?"

Mutumin ya sunkuyar da kai.

Aka karɓe izininsa, aka shiga kotu. Zeinabou ta kwashe yara ta koma gidan wanta, ita ke ba shi abinci a baki. Direbobin tasi, waɗanda su ne kasuwarsa, suka ɗauke ƙafa, domin kowa ya fara tunanin abin da ke ƙarƙashin fentin motarsa. Mai garejin ya sallame shi. Yanzu sallar Juma'a ma sai ya hau jirgin ruwa ya tsallaka Staten Island, inda ba a san fuskarsa ba. Idrissa kuwa bai sake riƙe sitiyari ba.

To, me ya kashe mutumin nan? Tsaga ba ta da laifi, kowane tsohon ƙarfe yana iya tsagewa. Rufewar ce, da girman kan da ya hana shi faɗa. Addininmu ya haramta algus, a kasuwa ne ko a gida. In ka san aibin abu, faɗe shi kafin ka miƙa. In aiki ya fi ƙarfinka, kai wa wanda ya sani, ba ka ragu da komai ba. Kuma duk abin da kai za ka ja da baya saboda shi, kada ka sa shi a hannun ɗan uwanka.

Allah ya ba Idrissa ladan haƙuri. Shi kuma wancan, Allah ya ba shi ikon tuba tun yana da numfashi. Mu da ke zaune nan, Allah ya kiyaye mu da sharrin kawunanmu. Amin.