Filafilin Sarkin Masunta

Ku gyara zama, jama'a, yau shari'a na kawo muku, kuma ba wanda zai tashi sai ya faɗi tasa.

Wasu 'yan'uwa uku ne mutanen Talatar Mafara, uwa ɗaya uba ɗaya: Sallau, da ƙanwarsa Lantana, da autansu Ilu. Bayan an gama girbi suka tafi hutu wajen gwaggonsu da ke aure a wani ƙauyen masunta a gaɓar tekun Gana. Ba wanda ya taɓa ganin teku a cikinsu. Kullum da safe sai su fita yawo bisa rairayi, suna tsintar katantanwa, suna tsere da igiyar ruwa kamar yara.

Wata safiya Sallau, wanda ya taso da kiwo, ya ga wani sawu mai faɗi kamar na tayar tarakta, ya fito daga ruwa ya nufi tudu. Sauran suka ce a koma gida, koko zai huce. Shi kuwa ya ce sawun da ya fito bai koma ba, akwai magana. Ya bi shi har bayan wasu itatuwan kwakwa. Can ya tarar da kunkurun teku, mace, girmanta ya kai turmi uku. Ta gama binne ƙwanta, amma an kifar da ita rigingine, an ɗaure ta da tsohuwar komar kamun kifi, rana na ta dukanta. Sallau ya yanke igiyoyin, ya sa kafaɗa ya yi ta turawa har ya birkice ta. Ta ja jiki ta faɗa ruwa.

Ba su bar wurin ba sai ga samari da adduna da kwanduna, sun zo yanka da kwasar ƙwai. Ganin nama ya tafi, ransu ya ɓaci, suka yo kan Sallau. Lantana, mai sayar da atamfa ce a kasuwa, ta ɗaura gyalenta a ƙugu ta zauna daram a kan ramin ƙwan. Babban samarin yana jin Hausa irin ta zangon Gana, ta dube shi ta ce, "Ɗan'uwana, a garinku ana yanka mai jego?" Ya ce, "Hajiya, kifi ya yi ƙaranci, yunwa muke ji." Ta ce, "To ku zo gidan gwaggona ku ci ku ƙoshi. Mu daga ƙasa mai nisa muka zo kallon abin da Allah ya ba ku. In kun cinye shi yau, gobe me za ku nuna wa baƙi?" Ta yi ta lallashi, ba zagi ba gori, har suka sauke addunan.

Hutu ya ƙare, Sallau da Lantana suka hau mota. Ilu ya ce shi ba zai tafi ba, don ya ga karnuka da aladu na sunsuna ramin. Alhali ɗinkin sallah na jiransa a shagonsa. Ya kewaye wurin da shingen ganyen kwakwa, ya kafa 'yar bukka a gefe. Sauro ya cije shi, zazzaɓi ya kayar da shi ya tashi, bai gusa ba kusan wata biyu. Samarin nan tun suna yi masa dariya har suka koma karɓarsa gadi. Ranar da rairayin ya motsa, 'ya'yan kunkuru suka ɓullo kamar tururuwa, Ilu da samarin suka yi ta korar tsuntsaye da ƙaguwa har na ƙarshe ya shiga ruwa. Daga shekarar nan ƙauyen ya hana taɓa kunkuru, samarin suka zama masu raka baƙi kallo.

Da Ilu zai koma, sarkin masunta ya ɗauko filafilin tuƙin jirginsa, wanda ya gada daga kakansa, ya ce, "Kai wannan gidanku, a ba wanda ya ceci kunkurunmu."

Filafili ɗaya ne, ba ya rabuwa. Da Sallau bai bi sawu ba, da uwar ta mutu. Da Lantana ba ta zauna a kan rami ba, da an kwashe ƙwan. Da Ilu ya hau mota, da karnuka sun tone shi.

To, jama'a, a ɗakin wa za a rataye filafilin nan?