Tanderun Malam Tasi'u

Ku gyara zama, wannan sai kun yi mini alƙalanci.

Malam Tasi'u mai gidan burodi ya shekara talatin yana gasawa a tanderun jan bulo. Da rufin ya tsufa, sai ya sa aka shimfiɗa masa farantin ƙarfe, aka ɗaure shi tamau cikin bulon, ko allura ba ta shiga tsakani. Shi a ganinsa aiki mai kyau ke nan. Mutum ne mai taurin kai, in ya ce gabas, ko limami bai juya shi.

'Yarsa Barira tana ajin ƙarshe a jami'a, lissafi take karanta. Ta auna kaurin ƙarfen da na bulon, ta cika takardu. Ta gaya masa zafi yana ratsa ƙarfe da gudu, bulo kuwa a hankali, don haka ƙarfen zai miƙe ya tura bangon, kuma ranar da aka hura babbar wuta rufin zai rufta bayan minti arba'in.

Ya ce, "Takarda ba ta gasa burodi, Barira."

Jajibirin Sallah ya hura babbar wutar. Ranar ce jarrabawarta ta ƙarshe, amma ta ƙi tafiya, ta tsaya bakin tanderu riƙe da agogo. Uban ya zura kai da kafaɗu yana jera tire, ta ƙwalla kira daidai lokacin da bango ya fara tsagewa. Ta rasa shekarar, kuma babu halin maimaitawa.

Wanta Lurwanu mai walda bai fahimci lissafin ba, amma ya yarda da ita. Tun kafin ranar ya sayar da injinsa, ya sayo ginshiƙin ƙarfe ya tokare rufin a ɓoye. Ginshiƙin nan ne ya riƙe rufin na ɗan numfashi uku kafin ya lanƙwashe.

Babbansu Sagir bai san lissafi ba, bai san walda ba, kwaɓa fulawa ce sana'arsa. Da ya ji kiran, ya cusa hannuwansa cikin wuta ya jawo uban. Yatsunsa sun ƙanƙance, ba zai sake kwaɓa ba.

Malam Tasi'u ya rayu, amma wutar ta cinye idanunsa. Yanzu yana zaune a zaure, da-na-sani tana cinsa, yana jin motsin 'ya'yansa uku da taurin kansa ya kassara. Sau da yawa yakan ce da ma sun bar shi a ciki.

Abin da ya rage masa filin tanderun ne kawai. Ɗan mitsitsi ne, in an raba shi uku ba ya amfanin kowa, in an ba ɗaya zai iya miƙewa. Yana so ya bayar da shi kyauta tun yana da rai. Ya kira su, ya buɗe baki, ya kasa ambaton suna.

To, ku da kuke da idanu, wa zai ba?