Sarkin Ƙarfe da Yatsun Allura

Akwai wani mai walda a wani layin masu sana'a, kowa Guduma yake ce masa. Ba a banza ya sami sunan ba. Ƙato ne, ga saurin hannu, kafin ka gama ba shi haƙuri ya riga ya gama da fuskarka.

Bayan aikinsa, abu ɗaya yake so a duniya: wani wasan yaƙi da ake bugawa a kan allo mai gidaje, ana ce masa Ganuwa Bakwai. Kowane ɗan wasa yana da sarki, da maharba, da samudawa masu kulki, da maciji mai aman wuta. Wanda aka fasa wa ganuwa aka kashe masa sarki, ya faɗi.

Da farko 'ya'yan wasan na roba ne. Sau biyu Guduma yana ragargaza su cikin fushi, sai ya ƙera nasa da guntayen ƙarfe. Sarkinsa kaɗai ya kai nauyin dutsen guga.

Shekara huɗu ba wanda ya ci shi, kuma kullum sai ya faɗa wa duniya. Ni kuwa bari in gaya muku gaskiyar magana. Mutum na ƙarshe da ya ci shi wani direban babbar mota ne. Guduma ya ɗaga allon ya maka masa a baki, haƙora biyu suka faɗa kwata, jini ya wanke gaban rigarsa. Tun daga ranar, duk wanda ya zauna wasa da Guduma faɗuwa yake nema, ya tashi da haƙoransa.

A ranar ce mahaifiyarsu ta kama hannunsa ta ce, "Wannan hannun na riƙe shi kana koyon tafiya. Ka yi min alkawari ba zai ƙara sauka a kan mutum ba."

Ya yi mata alkawari.

Shago uku daga nasa akwai ƙaninsa, mai gyaran waya, ana ce masa Allura. Siriri ne, ba shi da hayaniya. Yatsunsa ne arzikinsa, da su yake ɗaukar notin da bai fi ƙwayar yashi ba ya ajiye shi inda ya dace, hannun ko rawa ba ya yi.

Wata rana da tsakar rana, an dakata da aiki, Guduma ya shimfiɗa allo a kan teburin ƙarfe yana cika baki.

"Layin nan ba maza! Duk na cinye ku. Wa ya rage?"

Direba yana gefe, iska na fita ta wushiryar da aka yi masa ƙarfi da yaji. Ya ce, "Mu kam mun bi. Amma akwai wanda ba shi da haƙoran da za a zubar. Yana cikin wayar ƙaninka."

Manhajar nan mai hira yake nufi, ta ƙirƙirarriyar basira, wadda kake yi wa magana tana ba ka amsa.

Allura ya ce, "Yaya, don Allah a bar kaza cikin gashinta."

"Kawo ta nan! Yau zan kashe na'ura."

Allura ya karanta mata dokokin wasan. Tun da ba ta da hannu, shi ne ya zauna a kujerar abokin gaba, yana gaya mata abin da Guduma ya buga, ita kuma ta faɗi nata ya tura mata. Nan take 'yan kallo suka raɗa mata Mara Hannu.

Guduma ba ya wasa shiru. Ya tura basamudensa ya buge maharbi, ƙarfe ya yi ƙara a kan ƙarfe.

"Na fasa kansa! Ga ƙwaƙwalwa nan a ƙasa!"

Mara Hannu ta ce, "Ka yi bugu mai kyau. Maharbi na biyu ya matsa gida uku hagu."

Ya sake kashe mata biyu, yana ihu yana dukan ƙirji. Can sai ta ce, "Kibiya ta sami basamudenka a ido." Allura ya kwantar da basamuden.

Idon Guduma ya kaɗa ya yi ja. Ya kwashi rundunarsa kaf ya bi maharbin nan ɗaya, ya tattake shi. Kafin ya waiwayo, macijin Mara Hannu ya zagaya ta baya, ya ƙone ganuwa, ya haɗiye sarki.

Gaba da gabanta, aljani ya taka wuta.

"Kai ne ka yi min maguɗi!" Ya cakumi wuyan rigar Allura har maɓalli ya tsinke. Sai ya tuna da alkawari, ya sake shi. "A sake!"

Aka sake, aka kuma cinye shi. Ya sunkuya kan wayar yana huci ya ce, "Ke, ta yaya kike yi?"

Ita ba ta san tsoro ba, ba ta kuma san labarin haƙoran Direba ba. Ta ce, "Duk sanda aka kashe maka ɗa ɗaya, sai ka kwashi rundunarka ka tafi ramuwa, ka bar sarkinka shi kaɗai. Duk wanda ya buga da kai sau biyu zai gane haka."

Dariya ta kuɓuce wa Direba. Guduma ya ɗaga kai ya dubi mutane ɗaya bayan ɗaya, kowa ya sunkuyar da kansa. A nan ya gane cewa shekara huɗun nan ba cinsu yake yi ba, lallaɓa shi suke yi kamar mara lafiya. Wallahi na tausaya masa a wannan lokacin, don kunya ta fi mari ciwo.

Aka shiga wasa na uku. Kuna tsammani ya gyara? Ina! Ana kashe masa maharbi ya sake kwasar jama'arsa. Macijin ya iso bakin ganuwa.

Allura ya ce a hankali, "Yaya, mu bar shi haka. Mutane na jiran aikinka."

Guduma ya miƙe tsaye, ya damƙi sarkinsa na ƙarfe.

"Na yi wa Mama alkawari ba zan daki mutum ba," in ji shi. "Wannan kuwa ba mutum ba ce."

Ya ɗaga shi sama ya sauke da dukkan ƙarfinsa a kan wayar. Allura kuwa, mutumin da ya saba ceton waya kafin ta faɗi, bai yi tunani ba. Hannunsa na dama ya riga ƙarfen isa.

Ƙarar da aka ji kamar an taka busasshen kara ce. Allura ya yi ƙara ɗaya ya zube ƙasa. Yatsunsa uku sun lanƙwashe ta inda yatsa ba ya lanƙwasa, farce ɗaya ya tsage, jini na bin gidajen allon yana ɗiga a kan takalmin Guduma.

Wayar ko tsagewa ba ta yi ba. Daga ƙarƙashin jinin ta ce, "Yanzu kai ne da wasa."

Direban da aka zubar wa haƙora shi ya ɗauke su a motarsa zuwa asibiti. Likita ya yi iya yinsa, ya ce yatsa ɗaya zai warke, biyu kuwa ba za su ƙara lanƙwasawa ba.

Mahaifiyarsu ta zo, ba ta yi faɗa ba. Guduma ya durƙusa yana kuka yana cewa, "Mama, wayar na nufa, wallahi wayar na nufa."

Ta ce, "Na ji. To, je ka gaya wa yatsunsa."

Da aka cire bandeji, Allura ya zauna a teburinsa ya ɗauki matsefatar da yake kama ƙananan kayan waya da ita. Ta zame. Ya sake ɗauka, ta sake zamewa. Ya kifa kansa a kan teburin, Guduma na tsaye a bakin ƙofa yana kallo.

Washegari Guduma ya bar wa wani abokin aikinsa shagon walda daga azahar, ya jawo kujera ya zauna a gaban ƙaninsa. Ya ce, "Ka faɗa, ni zan tura."

Har yau haka suke. Za ka ga ƙaton nan ya duƙa a kan waya, gumi na zuba, Allura na cewa, "Hagu kaɗan, Yaya. A hankali, ba ƙofa kake yi wa walda ba." In noti ya faɗi, Guduma ne a ƙasa yana rarrafe yana nema. Sarkin ƙarfen kuwa, da shi ake tokare ƙofar shagon.

Bayan wata shida Direba ya zo da sabon allo, 'ya'yansa na roba. Suka buga da Guduma, Direba ya cinye shi tas. Kowa ya ja da baya yana jiran abin da zai faru.

Guduma ya kwantar da sarkinsa ya ce, "Na faɗi."

Mutane suka yi ta tafi. Allura ma ya yi murmushi ya ɗaga hannu zai jinjina wa yayansa, amma hannun ya ƙi dunƙulewa, yatsun nan biyu suna miƙe. Guduma ya gani, ya sunkuyar da kai.

Darasi: Wanda ba ya iya cewa "na faɗi", wata rana zai faɗi a kan wanda ya fi ƙauna. Shirun da mutane ke yi maka ba lallai girmamawa ba ne, wani lokaci tsoron sharrinka ne. Fushi kuma ba ya sauka inda ka nufa, na kusa da kai yake samu, kuma da na sani ƙeya ce. Ka tura wannan labari ga wani mai saurin hannu da ka sani, tun kafin ya ɗaga nasa ƙarfen.