Masu Mabuɗan Rijiya da Tulun Tsohuwa

Akwai waɗansu mutum biyu a wani gari, kowa da rijiyarsa, kowace rijiya da murfi da kwaɗo. Dagaci ne ya rataya musu mabuɗai a wuya. Idan mace ta zo da tulu, sai ɗayan ya gyara murya: "Ehem. 'Yar wa ce? Kin gaishe ni kuwa?" Ɗayan kuma sai ya kaɗa mabuɗi, kacau-kacau, yana kallon sama kamar ba da shi ake ba.

Ana nan sai hukuma ta kafa famfo a tsakiyar gari, ba murfi, ba gaisuwa. Garin duka ya koma can. Mutanen nan biyu suka zauna a gindin tsamiya, sun juya wa juna baya, ba mai ko kallonsu.

Ran nan wata tsohuwa ta cika tulunta, ta rasa mai ɗora mata, kowa na hanzarin layi. Ta dubi tsamiya, ta ce, "Ku masu sarƙa a wuya, hannuwanku ma an kulle ne?"

Na farko ya ce, "Ehem. Ni? Iya, kin san ko ni wane ne?" Bai rufe baki ba sai ya ga maƙwabcinsa ya miƙe. Ai kuwa ya kwasa a guje, riga tana tashi, yana cewa, "Malam, tsaya, ni ta fara kallo." Suka kama tulun tare, suka ɗora mata, ruwa ya jiƙa su sharkaf. Tsohuwa ta ce, "Allah ya yi muku albarka, 'ya'yana." Shekara talatin da mabuɗi, ba wanda ya taɓa gaya musu haka. Kashegari tun da safe suna bakin famfo.

Ma'anar wannan misali ita ce: mutanen nan biyu su ne mu Katolika da 'yan'uwanmu Musulmi. Mabuɗi shi ne ikon da sarakuna suka taɓa ba shugabannin addini. Famfo kuwa mulkin zamani ne, wanda ba ya tambayar inda kake sujada. Yara, kada ku zauna gindin tsamiya kuna "ehem". Ubangijinmu bai rataya mabuɗi ba, tawul ya ɗaura, ya wanke ƙafafun almajiransa. In za mu yi tsere da maƙwabtanmu, bari mu yi shi wajen ɗora wa tsohuwa tulu.