Lallen Farcen Barmani

Ku matso ku ji wata magana da na tsinto a yawona. Sunan garin ya kuɓuce mini, amma labarin yana nan daram.

Akwai wata yarinya, Barmani. Ranar da za a kai mahaifiyarta asibiti, uwar ta ƙunsa mata lalle, ta ce, "Kafin jan nan ya bar farcenki na dawo." Can Allah ya yi mata rasuwa. Mutanen gida suka tausaya wa yarinyar, suka ce mata Inna ta yi tafiya. Tun daga nan Barmani ta kama cin farce. Aka yi faɗa, aka shafa mata maɗaci, ta cinye har da ɗacin. Ta daina wasa, ta rage magana, babban yatsanta ya kumbura ya tara mugunya.

Kawunta Ɗanlami ya zo gaisuwa, ya ga yatsan. Aka ce masa rashin ji ne kawai. Bai saurara ba, ya ɗora ta a babur sai asibiti. Likita ya ce da an ƙara jinkiri sai an yanke yatsan. Ya kuma ce ciwon ba a hannu ya faro ba, a binciki abin da ke ran yarinyar.

Goggonta Tabawa ba ta tambaye ta komai ba. Kullum sai ta kwantar da kan yarinyar a cinyarta, ta tsefe kitson jiya ta sake wani. Rannan, tana cikin kitson, Barmani ta ce, "Goggo, na cinye jan duka don Inna ta dawo da wuri. Amma kullum sai wani jan ya fito." Jinin da ke fita daga yatsan take nufi.

Da maganar ta fito, kowa ya sunkuyar da kai, an rasa mai faɗa mata gaskiya. Kakarta Hajjo, wadda 'yarta ce ta rasu, ita ta zaunar da ita. Ta gaya mata Inna ta rasu, ba za ta dawo ba, kuma ba laifin farcenta ba ne. Suka yi kukansu tare. Hajjo ta ci gaba da jan ta a jiki har farce ya tofo, wasa ya dawo.

Ɗanlami ya ceci yatsa, Tabawa ta gano damuwar, Hajjo ta ɗauki nauyin faɗar gaskiya. To, a cikinsu wa ya warkar da Barmani?