Tsohuwar Wayar da Hajiya Adawiyya Ta Kyautar

Akwai wata dattijuwa a Karaye wadda ta tona asirin da aka ba ta amana, ta kashe auren shekara goma sha ɗaya, alhali ba ta buɗe baki ta faɗa wa kowa ko kalma guda ba.

Na san wasunku za su taɓe baki su ce ƙirƙira ce. Ku dai karanta zuwa ƙarshe. Waɗanda suka daɗe a wannan shafi sun san ba na ɗora alƙalamina a kan jita-jita, kuma ba da furfura a kaina zan fara ba. Na sauya sunayen mutanen duka, ban da mutum ɗaya.

Sunanta Hajiya Adawiyya. Shekara talatin da biyar ta yi tana koyarwa, ta yi ritaya tana shugabar makaranta. Bayan rasuwar mijinta sai zaurenta ya zama wurin da mata ke kai damuwarsu. Na kusa su zo su zauna a tabarma, na nesa kuma su aiko da saƙo ta shafin nasiha da ta buɗe a intanet. Takan ce da su, "Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Abin da ya shiga nawa ya shiga kabari." Gaskiya take faɗa, kuma ta san gaskiya take faɗa. A nan ɗan girman kanta yake.

Daga cikin masu aiko mata da saƙo akwai Zakiyya, 'yar Falgore da ke aure a Rogo. Mijinta Ja'afar mai kiwo ne, mutumin kirki, mai kunya. Shekara goma sha ɗaya ba su samu haihuwa ba. Likita a Kano ya shaida musu cewa matsalar daga gare shi take. A hanyar dawowa ya roƙe ta, ta rantse masa ba wanda zai ji. Daga nan ta ɗauki laifin ta aza a kanta. Uwar mijinta ta kira ta da kowane suna, ta haɗiye.

Ranar da abin ya yi mata nauyi, ta aika wa Hajiya saƙon murya tana kuka. Ta faɗi komai, ta rufe da cewa, "Mama, ba shawara nake nema ba, addu'a kawai. Ke kaɗai kika sani, sai Allah."

Hajiya mace ce mai tsari. Kalmomin sirrinta na shiga shafuka duk a ajiye suke a burauzar kwamfutarta, ɗaure da adireshinta na imel. Kowace waya aka sa wa wannan imel ɗin, manhajojinta sukan karɓi kalmomin da kansu, ba sai an rubuta ba. Tsari ne mai kyau ga wanda ya san inda wayoyinsa suke.

Ana nan sai ɗanta ya aiko mata da sabuwar waya daga Kano. A makon ne aka yi suna a gidan dangin mijinta a Fulatan, ta tafi da wayoyin biyu a jaka. Tana zaune cikin mata sai ga Daudu, ƙanin marigayin mijinta, dillalin shanu a karar Rogo, wato kasuwar dabbobi. Akwai wasa tsakaninsu kamar yadda aka saba tsakanin mace da ƙanin miji.

"Matar yaya, ashe an yi sabuwar waya ba a sanar da maigida ba?" in ji shi. "To tsohuwar fa? Tunda kin ƙi ni, ai kya bar ni da gadon waya."

"Kai da rubuta sunanka sai an riƙe maka hannu? Me za ka yi da ita, shanu za ka riƙa kira?"

"Shanuna sun fi ɗalibanki jin magana. Ku dai shaida, jama'a, Hajiya guda tana rowar tsohon kaya."

Kalmar rowa a gaban surukai ta sosa mata rai. Nan take ta zare layinta, ta cire makullin fuskar wayar, ta miƙa masa. Wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa, aka yi ta sa mata albarka. Ta koma gida ranta fari.

Bayan kwana biyu ta je shagon Zubair mai gyaran waya domin ya liƙa wa sabuwar gilashi. Zubair magidanci ne mai 'ya'ya biyar, amma a idonta har yanzu yaron nan ne da ta koyar a aji uku. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya tambayi gida da jikoki, sannan ya ce, "Malama, ina tsohuwar?"

"Na kyautar."

"An goge ta kafin a bayar?"

"Na cire layina."

Ya ajiye abin da ke hannunsa. "Allah ya ba ki haƙuri, Malama, layi daban, imel daban. Muddin imel ɗinki na cikinta, makullan gidanki ne gaba ɗaya kika bayar. Ki sa a karɓo ta na yini ɗaya in goge, a mayar masa."

"In aika a karɓo kyautar da na yi a gaban dangin mijina? So kake a ce Adawiyya ta lashe amanta?"

"To ba sai an karɓo ba. Ki ba ni wannan, daga nan zan fitar da waccan daga imel ɗin. Ko minti biyar ba za a yi ba. A gabanki zan yi."

Ta dube shi ta saman tabarau. A cikin wayar nan asirin mata yake, ga shagon cike da mutane, ga kuma ɗalibinta yana neman ya koya mata karatu a bainar jama'a.

"Zubairu, lokacin da na fara taɓa kwamfuta kana yawo ba wando. Liƙa gilashi na ce ka yi."

Ya liƙa gilashin, ya miƙa mata da hannu biyu, ya ce, "Allah ya huci zuciyarki."

Maganar ba ta bar ta ba, ko da ta ƙi nunawa. Tana isa gida ta kunna kwamfuta ta sauya kalmar sirrin shafinta, ta zaɓi doguwa mai wuyar ganewa. Burauzar ta tambaye ta ko a ajiye sabuwar, ta amsa da e, kamar kullum. Ta rufe kwamfutar tana jin ta gama da zancen, ba tare da taimakon kowa ba.

Abin da ba ta sani ba shi ne, sabuwar kalmar ta bi imel ɗin ta sauka a kowace wayar da ke ɗauke da shi. Ta sauya kwaɗo, ta aika wa Daudu da sabon makulli.

Shi Daudu ba da mugun nufi ya fara ba. Yana zaune a gindin bishiya yana lallatsa waya, ya taɓa manhajar shafin nasihar, ta nuna masa sunan Hajiya tana tambaya ko ya shiga. Ya danna sau ɗaya, ƙofa ta buɗe. Karatu ba ya yi masa daɗi, amma saƙon murya ba ya bukatar karatu. Sati uku yana saurare. Ya san muryoyi da yawa.

Ranar wata kasuwar Rogo, bayan la'asar, Hajiya na zaure tana lazimi sai ta ji sallamar Zubair. Bai taɓa zuwa gidanta ba. Ya tsuguna daga bakin ƙofa, ya gaishe ta a gajarce, ya kasa ɗaga kai.

"Malama, na rufe shago ne na taho. Gara ki ji daga bakina."

Ya ba ta labari. Daudu ya kawo wata saniya kara yana rantsuwa cewa tana da ciki. Mai saye ya kira Ja'afar ya duba, saboda an san shi da sanin dabba. Ja'afar ya shafa ta, ya ce gaskiya wannan juya ce, ba ta taɓa haihuwa ba. Ciniki ya watse, aka yi wa Daudu dariya. Shi kuwa da ya fusata sai ya ce, "Kai ne za ka faɗa mana wanda ba ya haihuwa? Ku matso ku ji." Ya zaro wayar, ya ƙure murya, ya kunna.

"Muryar Zakiyya ce, Malama. Tana kuka tana kiran sunanki. Dillalai, mahauta, Fulanin da suka kawo shanu, kowa ya ji. Wani ya ɗauka a wayarsa. Kafin in rufe shago mutum uku sun nuna mini."

Carbin ya zame daga hannunta.

"Ja'afar fa?"

"Ya tsaya har saƙon ya ƙare, ya ɗauki sandarsa ya fita."

A daren Ja'afar bai kwana da aure ba. Ya rubuta wa Zakiyya takarda, ya ce ba don ta faɗi ƙarya ba, sai don ta rantse masa. Kafin mako ya zagayo ya kora shanunsa ya yi kudu. Har yau ba wanda ya san takamaiman inda yake.

Ita kuwa Hajiya, tun a yammacin da Zubair ya kawo labarin ta miƙa masa sabuwar wayar a zauren nan. Ya matso kusa yadda za ta ga abin da yake yi. Ya buɗe jerin wayoyin da ke ɗaure da imel ɗinta, ga tsohuwar nan a ciki. Ya danna, ya fitar da ita, ya sa ta sauya kalmar imel ɗin da hannunta.

"Shi ke nan?" ta tambaya.

"Shi ke nan, Malama."

Ta duba agogon bango. Ko minti huɗu ba a yi ba.

Kwana tara bayan haka Zakiyya ta zo. Hajiya ta so a ce da zagi ta shigo, da ya fi mata sauƙi. Amma ta cire takalmi, ta durƙusa, ta gaishe ta cikakkiyar gaisuwa, har da tambayar ciwon ƙafarta. Sannan ta ce, "Mama, tambaya ɗaya na zo yi. Ke kika ba shi?"

"Wallahi ban ba shi saƙonki ba, 'yata. Waya na ba shi. Ban sani ba."

"Ba wanda ya gaya miki?"

Hajiya ta buɗe baki. Ƙarya guda ɗaya za ta rufe wannan ramin, kuma Zubair ba mai tona ta ba ne.

"An gaya mini," ta ce. "Na ƙi ji."

Zakiyya ta gyaɗa kai. "Shekara goma sha ɗaya ina tsare masa mutunci, Mama. Sau ɗaya na sauke kayan, a wurin da na ɗauka ya fi ko'ina aminci." Ta miƙe, ta gyara mayafi. "Allah ya sa haka ne mafi alheri. Na bar ki lafiya."

An ce uwar Ja'afar ta je har Falgore, ta durƙusa a gaban yarinyar da ta shekara tana zagi, ta nemi gafara tana hawaye. Wannan kaɗai ne sakamakon da haƙurin Zakiyya ya samu a bainar mutane, sauran yana wurin Allah. Daudu kuwa ba mai ba shi igiyar dabbarsa yanzu, domin wanda ya kunna kukan matar aure a kara ba a ba shi amana.

Ita Hajiya ba wanda ya zage ta. Ana gaishe ta a hanya kamar da. Sai dai matan da suka taɓa aiko mata da murya, kowace ta kwana da sanin cewa Daudu ya ji nata. Ba su ƙara zuwa ba. Ta rufe shafin da kanta. Tabarmin zauren suna nan a naɗe a jingine da bango, ta hana a ɗauke su.

Darasi: Wayar da ke ɗauke da imel ɗinki tana ɗauke da makullanki duka, kuma asirin da ke ciki ba naki ba ne ke kaɗai. Kafin ki sayar ko ki kyautar, ki fitar da imel ɗin, ki goge ta tas. Idan wanda ya fi ki sanin abu ya gargaɗe ki, ki saurara ko da ke kika koya masa riƙon fensir, domin girman kai rawanin tsiya ne. Ku tura wa iyayenku da 'yan'uwanku kafin wata wayar ta sauya hannu. Wanda kuma har yanzu yake ganin ƙirƙira ce, sunan da ban sauya ba shi ne na Zubair mai gyaran waya a Karaye. Ba zai gaya muku ko su wane ne ba, amma zai gaya muku an yi.