Sannu da Hutawa

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta.

A tsakiyar wani gari akwai wani tsohon lungu da ya girmi kasuwa, ya girmi ganuwa. Marina da maƙera da mahauta ne suka kafa shi, kuma a gindin katangunsa aka binne su. Duk mai wucewa sai ya ce musu "Sannu da aiki", ko da bai ga kowa ba.

Ran nan sai ga Cindo, wani baƙon falke mai girman kai, ya koro jakinsa da rana tsaka. Wani ƙadangare a kan katanga ya ce, "Malam, a nan gaisuwa ake yi."

Cindo ya ce, "Ni zan gai da bango? Allah ya kiyaye!"

Ya iso tsohuwar marina. Sai ya ji murya daga ƙasa: "Cindo, ba gaisuwa?" Ya yi banza da ita. Sai katangu suka matso, har mangalar gishirinsa ta gogi bango.

Ya iso maƙera. Ba wuta, ba mutum, amma ana dukan ƙarfe. "Cindo, ba gaisuwa?" Taurin kai ya hana shi gaisuwa. Katangu suka ƙara matsowa. Jaki ya zubar da kaya, ya ranta a na kare.

Ya iso mahauta, sai ya ji ana wasa wuƙa. Ya waiga, babu hanya. Ya duba gaba, tsaga ce kamar bakin ƙofa. Tsoro ya kama shi.

Ƙadangare ya ce, "Gaishe su mana, ko ka fita da ranka!"

Cindo ya gane matattu ne ke kiransa, sai ya durƙusa ya ce, "Iyayena, sannunku da hutawa."

Wayyo, ina ma ya yi shiru! Lungu ya yi tsit. Can aka ce, "Hutawa? Mu da ke tallafe da katangun nan tun kakan kakanka bai zo duniya ba? To, zo ka taɓa hutun ka ji."

Katangu suka haɗe, ruf! Da suka buɗe, babu Cindo, sai wani tudu a jikin bango mai kama da bayan mutum. Yana nan har yau, yana nishi da azahar.

In ka shiga gari, ka tambayi gaisuwarsa tun daga ƙofa.

Ƙurunƙus, kan ƙadangare!